Zuciyar Mai Sulke

A gefen garkarmu, nan Kasala, gabas da Gash,
inda inuwar Dutsen Taka ke isowa da sassafe,
akwai gawar wata mota mai sulke,
ta durƙusa kamar raƙumar da aka manta ba a tasa ba.
Tayoyinta dukawa sun yanka takalma tun tuni,
kujerarta gara ta ci,
ramin da bindiga mai jigida ke leƙowa
yanzu zanzaro ya yi ɗaki a ciki.

Kakana Jatau ya san ta tana budurwa.
Daga Auyo ya taso da ƙafa, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare masa a nan,
sai ya shiga aikin soja, yaron mota,
mai goge filogi, mai ba lagireto ruwa,
mai murɗa hannun ƙarfe har inji ya yi tari ya farka.
Ran nan hannun ya dawo da baya, ya karya masa tsintsiya.
Har ya mutu da hagu yake ɗaure wando,
yana cewa, “Ita ce kaɗai ta taɓa dukana ban rama ba.”

Ban ji ya faɗi adadin waɗanda ta kashe ba.
In an tambaye shi, sai ya ce zafi ne a ciki,
zafin da ke narka sabulu a aljihu,
da ƙarar kwanson harsashi kan daɓen ƙarfe
kamar ana zuba tsabar kuɗi a tasa.
Daga nan sai ya nemi a miƙo masa jabana.

Da yaƙi ya lafa aka yi gwanjonta.
Ya zuba kuɗin jirgin Jidda kaf,
kakata Kande ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba.
Kwana tara yana kwance ƙarƙashinta da sifana,
ya ciro zuciyar, jakai biyu suka ja,
ya ɗora a bakin rijiya, ya sa mata bel.
Abin da aka ƙera don ya kai wuta
sai ga shi yana aman ruwa cikin kwamin albasa.

Ni na gaji injin, da tarinsa, da taurin kansa.
Ba a sayar da kayansa ko a Atbara.
Gasket daga kwalin shayi nake yanka,
kafireto na ɗaure da wayar keke,
in ya yi fushi, in dafa shi da tafin hannu
in saurara, kamar ungozoma.

Bara sai ga sababbin motoci a kan kwalta,
masu sheƙi, masu sauri, jikokin wannan tsohuwa.
Bayansu mutane suka biyo da ƙunshi a ka.
Wata mata daga Madani, Sittana, da ’ya’ya uku,
ta rasa rufi, ta share cikin gawar,
ta rataya zane a inda ƙofa take,
ta kafa murhu a gindin hasumiyar bindiga,
hayaƙin kisira yana fita ta ramin.

Ƙaraminsu, Mudassir, ba ya barci in ya ji inji.
Da asuba na tayar, ya fito a guje yana toshe kunne.
Na kama hannunsa, na kai shi bakin bututu,
na sa yatsunsa cikin ruwan, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, “Wannan ba ya harbi?”
Na ce, “Ya tsufa.”

Yanzu shi ke riƙe mini gwangwanin mai.
Hannun ƙarfen dai ban bar shi ya taɓa ba tukuna.